Takardar Auta ta Kai Mu Ƙasar Kazaure

Ɗana Auta ne ya tayar da tafiyar. Ya samu gurbin karatu a jami'a, aka ce cikin takardun da zai kai har da ta shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda kowa ke kira indijin. A Kano aka haife shi, a nan aka binne cibiyarsa, bai taɓa kwana a ƙauyenmu ko sau ɗaya ba. Amma a ƙasar nan ba inda aka haife ka ake tambaya ba, inda ubanka ya fito ake tambaya. Wani maƙwabcina ya ce in ba da kuɗin mota a karɓo mana, ba sai mun sha wahala ba. Na ƙi. Rabona da gida tun rasuwar mahaifina, kuma ina jin nauyin a ce yaro yana riƙe da takardar garin da bai san hanyarsa ba.

Ranar Litinin muka fita bayan sallar asuba, cikin Nuwamban 2024, hunturu ya fara kaɗawa. A Dawanau muka bar titin Katsina muka ɗauki na Daura. Tireloli sun yi jerin gwano a bakin kasuwa, 'yan dako na ta loda riɗi da wake da zoɓorodo. Muna wuce nan gari ya buɗe. Gero ya daɗe da shiga rumbu, dawa ake kai, ko'ina mutane sun duƙufa cikin gonaki, jakuna da amalanken shanu na jigilar dammuna. Auta na gefena yana latsa waya, ni kuwa duk kukar da muka wuce sai in ji kamar na san ta.

A Dambatta na tsaya muka sha shayi, ba don yunwa ba, sai don in nuna masa inda labarin ya soma. Ɗan Tunku, Bafulatanin da ya kafa masarautarmu, a wannan yanki yake da ƙarfi tun lokacin jihadi, kuma ya dafa wa jama'ar Shehu a yaƙe-yaƙen arewacin Kano. Da Sarkin Kano Sulaimanu ya rasu a 1819 aka naɗa Ibrahim Dabo, sai Ɗan Tunku ya ƙi mubaya'a. Ba shi kaɗai ya ƙi ba, amma shi ne wanda Dabo ya kasa tanƙwarawa. Shekara biyar ana gwabzawa. Baturen nan matafiyi Kilafaton, da ya iso Kano a farkon 1824, a sansani ya tarar da Sarki yana shirin fita yaƙi da shi. Da aka matsa wa Ɗan Tunku a fili sai ya ja ya shige duwatsun Kazaure, inda doki ba ya samun wurin sukuwa. A ƙarshe Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya raba gardama, ya bar masa ƙasarsa, ya riƙa bin Sakkwato kai tsaye ba ta hannun Kano ba. Dambatta ta zauna a Kano, har gobe nan ne mazaunin Sarkin Ban Kano. Mun tashi daga mai shayi ba mu yi nisa ba muka tarar da allon shiga Jihar Jigawa. Na ce masa ya duba da kyau, don wannan iyaka ta girmi allon da shekara kusan 170.

"Baba, to me ya kai mu Jigawa, alhali Kano ta fi mana Dutse kusa?"

Tambayar da mutanenmu suka daɗe suna yi ke nan. Ranar 27 ga Agusta, 1991 gwamnatin Janar Babangida ta yanke Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano. Aka haɗa masarautun Haɗeja da Gumel da Kazaure da gundumomin da suka zama masarautun Dutse da Ringim. Mu muka faɗo a kusurwar arewa maso yamma, Katsina a bayanmu, Kano a gabanmu. Har yau yawancin direbobi in za su babban birnin jiharsu sai sun ratsa ta cikin Kano.

Tun daga nesa duwatsun Kazaure ke leƙowa, jajaye, sun yi wa garin ƙawanya. Tsofaffi na cewa wani maharbi ne ya biyo sawun nama har ya faɗo wani fili da tsaunuka suka rufe, ya ce wurin nan kamar zaure, suna ya bi gari. Duk wanda ya shigo ta wannan hanya zai ga abin da maharbin ya gani. Muka zaga ta bakin dam, ruwa ya kwanta shuɗi, masu lambu sun fara gyaran fadama. Muka wuce ƙofar fada, inda Mai Martaba Najib Hussaini Adamu ke sarauta tun 1998, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya mai ɗauke da sunan mahaifinsa. Garin ya faɗaɗa ƙwarai, unguwannin da na sani gonaki duk sun zama gidaje.

Na rage gudu a gaban sakatariyar ƙaramar hukumar Kazaure, na ce wa Auta a nan na karɓi tawa takardar a 1986. Lokacin duk ƙasar masarautar ƙaramar hukuma ɗaya ce. Da asuba na baro ƙauye a kan keken mahaifina, na jingine shi a wani gari mai kasuwa, na hau bayan akori-kura tare da awaki da buhunan gyaɗa. Da na iso an tashi daga ofis. A zauren wani ɗan uwanmu mai sayar da goro na kwana, sai washegari da azahar aka miƙo mini ita. Tana nan a jakata, ta yi ja, an rubuta ƙaramar hukumar Kazaure, Jihar Kano. Yau kuwa wannan ofis ba shi da hurumin ba ɗana irinta, don ƙauyenmu ya faɗa ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin da aka cira daga jikinta. Roni ce ta fara fita a zamanin Babangida, Gwiwa da 'Yankwashi suka biyo baya a rabon 1996, ɗaya ta zama huɗu.

Inda kwalta ta ƙare muka bar mota a gidan wani aboki muka hau acaɓa. Hanyar burji ce, damina ta ci gefenta, wani wurin sai mun sauka an tura babur cikin rairayi. Ana kiran la'asar muka shiga gari. Baffa, ƙanin mahaifina, na zaune kan buzu a ƙofar gida da carbi a hannu. Na cire takalmi na durƙusa.

"Baffa, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Ashe kana tuna hanya." Sai ya juya ya ƙare wa Auta kallo. "Wannan ne ɗan birnin da ya zo ƙwace mini amarya? Matso in gan ka, ko damin dawa ɗaya ba za ka iya ɗagawa ba."

Kafin magariba sun saba kamar tare suka tashi.

Bayan isha'i, mun ci tuwon dawa miyar kuka, na gaya wa Baffa abin da ya kawo mu. Ya yi shiru, sannan ya aiki wani jikansa ya ɗauko masa wani tsohon gwangwanin alawa daga ƙarƙashin gado. Cikinsa layu ne da takardun gona da wata 'yar takarda mai faɗin tafin hannu, ta yi laushi kamar tsumma. Rasit ɗin harajin mahaifina ne na 1961. A sama an buga sunan En'e ta Kazaure, wato hukumar gargajiya ta wancan zamani, a ƙasa sunansa da na ubansa da na unguwarmu.

"Ga indijin ɗin zamaninmu," in ji Baffa. "In za ka cin rani Kano ko Jos, wannan ce ke aljihunka. Ɗan doka ya tare ka babu ita, ka shiga uku."

Daren nan bai bar mu mun kwanta da wuri ba, ni ma ban so ya bari ba. Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, Kazaure ta bi ba tare da an yi yaƙi ba, zamanin Sarki Muhammadu Mayaƙi. Suka sanya ta cikin Lardin Kano, ƙarƙashin Razdan, babban Baturen lardi, da ke zaune can, amma suka bar mata En'e tata da baitulmalinta. Aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, kowane hakimi aka ce ya bar fada ya koma ya zauna cikin talakawansa. Daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, igiya ɗaya ce ba ta tsinke a ko'ina ba, Di'o, Baturen da ke sa ido kan En'e, na riƙe da ƙarshenta. En'e ce ke da alƙali, ita ke da 'yan doka, ita ke da gidan yari. Ita ke biyan malamin elementare da malamin asibiti da malamin daji da duba-gari.

"En'e ta san da zaman kowa," in ji shi. "Ko akuyarka ce ta haihu sai ta ji. Da kaka ta yi malamin haraji zai sauka gidan dagaci da littafinsa, duk namijin da ya isa riƙe fartanya sai an rubuta shi. Fulani kuma a ƙirga musu shanu a yanka jangali."

Na ji yana maganar kamar da kewa, sai na ce, "Amma Baffa, ba ku kuka sha ba mu labarin wuyar da kuka sha ba?"

Ya ajiye carbin. Ya ce ba zai manta shekarar da gyaɗa ta ƙi ba, aka tsayar da yayansa, wato mahaifina, cikin rana tun hantsi har azahar a ƙofar gidan dagaci, sai da uwarsu ta kwance tunkiyarta ɗaya tilo aka kai kasuwa. Ya faɗi yadda ake kwasar samari gyaran hanya bayan damina ba ko sisi, da yadda ake ɗaure mutum don an gan shi a taron NEPU yana sauraron mutanen Malam Aminu Kano. Ya ce ranar da labari ya iso cewa Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, mata guɗa suka yi ta yi, wani dattijo ya fashe da kuka a masallaci.

"Ban ce a dawo da ita ba, ɗana. Allah ya kiyaye. Abin da na ce shi ne, tana zuwa. Da mugun nufi ko da kyakkyawa, tana zuwa ƙofar gidanka. Rijiyar simintin da kuka sha ruwanta ɗazu, ita ta gina ta. Yanzu wa ke zuwa, in ba lokacin ƙuri'a ba?"

Ba rana ɗaya aka kwance wa En'e ɗamara ba. Bayan sojoji sun karɓi mulki a 1966, Janar Gowon ya raba ƙasa jihohi 12 ranar 27 ga Mayu, 1967, Audu Baƙo ya zama gwamnan Kano. A 'yan shekarun da suka biyo baya aka karɓe 'yan doka aka zuba su cikin 'yan sandan tarayya, kotuna suka koma hannun jiha, gidajen yari suka koma na tarayya. Sai gyaran 1976, zamanin Janar Obasanjo, wanda ya kawo tsari iri ɗaya daga Sakkwato har Kalaba: ƙananan hukumomi 301, kowacce ana so ta ƙunshi mutum 150,000 zuwa 800,000, da ciyaman da kansiloli, da kaso daga asusun tarayya. Sarakuna aka ware musu majalisar masarauta ta ba da shawara. Jihar Kano ta samu 20, Kazaure na cikinsu. A jamhuriya ta biyu gwamnoni suka yi ta ƙirƙiro sababbi, Janar Buhari ya zo a ƙarshen 1983 ya rushe su aka koma adadin farko. Babangida ya kai su 589 a 1991, Janar Abacha ya cike 774 a 1996, aka jera sunayensu cikin kundin tsarin mulkin 1999, shi ya sa ƙara ko ɗaya yanzu sai an taɓa kundin. Ƙasar da take da 20 a 1976 yau tana da 71, Kano 44, Jigawa 27.

Abin da ya tsaya mini a rai, da na kwanta ina juyi a kan tabarma, shi ne ƙauyen nan bai taɓa gusawa ko taku ɗaya ba. Tsamiyar ƙofar masallaci na inda take tun kafin a haifi Baffa. Amma takardar uba ta ce En'e, ta ɗa ta ce Jihar Kano, ta jika za ta ce wata ƙaramar hukuma a Jihar Jigawa. Takobi ya shata iyaka, alƙalamin Bature ya sake shatawa, dokar soja ta yanka ta kuma yankawa, kuma a cikin duka ukun ba a taɓa tara mutanen gindin tsamiyar nan an ce musu ina kuke so ku bi ba.

Da safe Baffa ya sa babbar riga ya ce shi zai raka mu. Wurin mai unguwa muka fara, ya rubuta 'yar wasiƙa cewa ya san gidanmu. Daga nan sai gidan dagaci. Muka zube a zaure muka yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, jikana ne na kawo, zai shiga jami'a."

Dagaci ya dubi Auta. "Samari, ɗan wane ne kai, jikan wane?"

Yaron ya jero sunayen da Baffa ya biya masa da daddare, har kakan kakansa, muryarsa na rawa. Dagaci ya gyaɗa kai, ya ce ai gonar kakanka ce ke iyaka da tamu ta gabas, wajen marken nan, ya ɗauko hatimi ya buga. A gidan hakimi ma ba mu daɗe ba. Ina tafe ina tunanin abin: ofishin da ke da kwamfuta da tambarin gwamnati bai san ko mu su wane ne ba, sai ya tambayi mutanen da aka karɓe wa iko tun 1976. An raba su da baitulmali da 'yan doka, amma sanin jama'a yana nan a zaurukansu, ba a iya kwashe shi an kai sakatariya ba.

Tafiyar da ta ci mini kwana biyu a 1986, minti 40 ta ɗauke mu a kan babur. Wannan kaɗai ya isa in ce rabon bai tashi a banza ba, kuma ba na tare da masu cewa a haɗe ƙananan hukumomi a koma gidan jiya. Garin da aka ajiye hedikwata ƙauye ne a saninna, yau yana da sakandare da asibiti da ofishin 'yan sanda da kasuwa mai rumfunan kwano. 'Ya'yan manoma da yawa sun samu aikin malanta da na jinya a ƙofar gida. Mace mai naƙuda ba sai an ɗora ta a amalanke an nufi Kazaure ba.

A sakatariya wani ma'aikaci mai furfura ya karɓi takardunmu, ya ba mu benci a inuwar darbejiya. Kafin a sa hannu muka taɓa hira. Na tambaye shi wa ke da alhakin gyaran famfon ƙauye in ya lalace. Ya ce a rubuce dai na ƙaramar hukuma ne, kamar yadda kasuwa da tasha da mahauta da maƙabarta da hanyoyin karkara da rajistar haihuwa suke nata, ga kuma hannu a firamare da ƙananan asibitoci. Sannan ya zana mini hanyar kuɗin da yatsa a ƙasa. Daga asusun tarayya ƙananan hukumomi na da kashi 20.6 cikin ɗari, amma kuɗin ba ya zuwa kai tsaye, sai ya sauka a asusun haɗin gwiwa na jiha. A jihohi da dama abin da ke isowa ƙasa bai wuce na albashi ba, wasu gwamnonin ma ko zaɓe ba sa yi, kantomomi suke naɗawa. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na tarayya ya shigar da gwamnoni 36, ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma mulkin kantoma ya saɓa wa tsarin mulki.

"Mun ji a rediyo, Alhaji, mun yi murna," in ji shi. "Muna dai sauraro."

Ina fatan hukuncin ya tabbata, da zuciya ɗaya. Amma maganar Baffa ta hana ni sakin jiki. En'e na zuwa ƙofar talaka ne don abincinta na aljihunsa, dole ta san yawansa, ta san ko damina ta yi kyau. Soke haraji adalci ne, wanda ya ga an tsayar da ubansa a rana ba zai yi jayayya da wannan ba. Sai dai tun da kuɗi ya koma gangarowa daga Abuja, idon ciyaman sama yake kallo, wajen mai rabo, ba ƙasa wajen mai fartanya ba. Ko an turo kuɗin kai tsaye, in mutanen ƙauye ba su san nawa ya shigo ba, ba su kuma da bakin tambayar kansilansu inda ya tafi, to wurin tsayawar kuɗin kawai aka sauya. An kawo mana ginin hukuma kusa, wannan gaskiya ne. Abin da nake so in gani kafin in bar duniya shi ne a liƙa lissafin kowane wata a ƙofar sakatariya da Hausa, da boko da ajami, yadda Baffa zai sa a karanta masa.

Kafin azahar aka miƙo takardar, fara fes, da hoton Auta a kusurwa. Ya riƙe ta da hannu biyu yana ta karanta sunan garin.

Da muka koma yin sallama muka tarar da taro a gindin tsamiya. Famfon tuƙa-tuƙan gari ne ya yi wata biyu a tsaye, 'yan mata sun koma layi a tsohuwar rijiyar siminti, guga na ta sauka yana hawa. Ƙungiyar ci gaban gari ta yanke shawarar a yi karo-karo a kira mai gyara daga Kazaure, kowane magidanci da abin da aka yanka masa, wanda ba shi da kuɗi ya kawo kwanon dawa. Wani matashi malamin firamare na zaune da littafi mai layi-layi yana rubuta sunaye gida-gida. Na miƙa nawa, ya rubuta ni ƙarƙashin gidan Baffa.

Baffa ya zunguri Auta da sanda. "Kai fa, mai takarda? Ai yanzu gwamnati ta shaida kai ɗan garin nan ne."

Yaron ya laluba aljihu ya fito da canjin da na ba shi na shan ruwa a hanya, ya durƙusa ya ajiye a kan tabarma. Malamin ya tambayi sunansa da na ubansa, ya ja layi a ƙarƙashin nawa ya rubuta. Baffa ya buɗe gwangwanin nan ya zaro rasit ɗin 1961, ya naɗe shi cikin leda, ya cusa masa a aljihun gaba tare da sabuwar takardar, ya ce ya kula kada ruwa ya taɓa su. Masu acaɓa na ta danna mana oda, rana ta karkata, muna so mu kai kwalta kafin duhu.